Daren da Haɓo Ya Kusa Raba Mu da Kawu



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya ba shi jiki amana, Ya kuma hore masa hankalin da zai kula da wannan amana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwana mai karatu, akwai abubuwan da muka buɗe ido muka tarar ana yi, muka karɓa hannu bibbiyu ba tare da mun taɓa tambayar dalili ba, har sai ranar da Allah Ya nufe mu da gane cewa abin da muka ɗauka taimako ne ashe cutarwa ce. Yau ina so in ba ka labarin ɗaya daga cikin irin waɗannan abubuwa, wato yadda muke yi wa mai haɓo, da irin kuskuren da ni da hannuna na tafka a kan mutumin da ya fi kowa haƙƙi a kaina bayan mahaifiyata. Ni dai ba likita ba ne. Abin da zan faɗa na koye shi ne a bakin ma'aikatan asibiti da kuma karatun da na yi daga baya, bayan da tsoro ya kora ni neman sani.

Ina yaro, a makarantar allo, da wuya hunturu ya shigo ya fita ban yi haɓo ba. Da zarar jini ya ɗigo a kan allona sai wani babba daga cikin ɗalibai ya taso ya kama ƙeyata, ya ɗaga haɓata sama har ina kallon rumfa, wani ya kwarara mini ruwan randa a ka, wani kuma ya yago tsumma ya cusa mini a hanci. Har yau ina tuna ɗanɗanon nan mai kama da na tsatsar ƙarfe yana gangarawa maƙogwarona. Bayan ɗan lokaci sai a ce ya tsaya, a ce in koma in ci gaba da karatu. Sau da yawa kafin la'asar cikina ya hautsine, wata rana ma in yi amai baƙi, a ce rana ce ta buge ni. Babu wanda ya yi haka da mugun nufi. Iyakar abin da suka sani ke nan, ni ma kuma iyakar abin da na girma da shi ke nan, na riƙe shi har na wuce shekara talatin, na yi aure, na haihu.

Kawuna ƙanen mahaifiyata ne, shi ya ɗauke ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya yi mini makaranta, ya yi mini aure. A watan Janairun 2022 yana dab da shekara saba'in. Yana da hawan jini, kuma shekara biyu kafin nan ya taɓa samun ɗan shanyewar ɓarin jiki wanda Allah Ya sa ya zo da sauƙi, likita ya ɗora shi a kan ƙaramar ƙwayar asfirin kullum. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, saboda ciwon gwiwa, yakan aika yaro kantin magani a sayo masa dikilofenak yana sha safe da yamma, bai gaya wa likitansa ba, bai gaya wa kowa a gida ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare matarsa, wadda muke kira Inna, ta bugo mini waya ta ce in zo, Kawu yana haɓo tun bayan isha'i ya ƙi tsayawa. Sanyi ake yi sosai a daren, ƙura ta rufe gari. Na tarar da shi zaune a bakin gado, gaban rigarsa jina-jina, da tasa a gabansa. Na ce, "Sannu Kawu." Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Kai ma sai da ta taso ka? Haɓo ne fa, ɗana, haɓo kawai." Wannan kalma ta "kawai" ita ta kwantar mini da hankali, ita ce kuma ta kusa kai mu ga da-na-sani.

Nan take na yi abin da aka yi mini ina yaro. Na janye matashi na kwantar da shi rigingine, na ɗaga haɓarsa, na dunƙule auduga na cusa a ƙofofin hancin biyu, na jiƙa tawul na ɗora masa a goshi. Cikin minti kaɗan ba ɗigon jini ko ɗaya a fuskarsa. Inna ta yi hamdala, ni kuwa har da ɗan jin daɗi a raina cewa zuwana ya yi amfani. Na lura yana yawan haɗiyar yawu, amma ban kawo komai a raina ba. Na shimfiɗa darduma a falo na kwanta, da niyyar in duba shi da asuba.

Kafin kiran sallar farko salatin Inna ya tashe ni. Kawu ya yunƙura zai tashi alwala, ya kwarara amai baƙi ƙirin mai gudaji, ya sulale ƙasa. Da na taɓa shi na ji tafin hannunsa sanyi ƙalau, gumi yana keto masa duk da sanyin da ake yi, leɓɓansa sun yi fari. Maƙwabcinmu mai mota muka buga wa ƙofa. Tsakanin gida da asibiti ban san adadin addu'ar da na karanta ba.

A sashen gaggawa, bayan an ɗaura masa ruwa an ɗebi jininsa don gwaji, wata ma'aikaciyar jinya mai ɗan shekaru ta fito da ni waje ta tambaye ni abin da aka yi masa a gida. Na zayyana mata komai. Ta dube ni ta ce, "Malam, wa ya kwantar da shi rigingine?" Na ce, "Ni ne, Sista." Ta ce, "To jinin nan bai tsaya ba ko na minti ɗaya. Ka toshe masa gaba, ya bi ta baya, Baba ya kwana yana haɗiye jininsa." Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kama hannuna ta ɗora yatsuna biyu a kan hancina, ta nuna mini daidai inda ake matsewa, ta ce in je in koya wa mutanen gidanmu. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya zo ya tabbatar da cewa jijiyar da ta fashe can ciki take, ta baya, aka toshe wurin da kayan aikinsu, aka ƙara masa jini leda biyu, ɗaya daga jikina aka ɗiba. Sai da ya kwana huɗu aka sallame mu. Allah Ya yi da sauran kwanansa a gaba.

Inda jinin yake fitowa

Abin da na fara fahimta shi ne haɓo iri biyu ne. A bangon da ya raba ƙofofin hanci biyu, daga gaba-gaba, daidai inda ɗan yatsa yake iya kaiwa, akwai wani ɗan wuri da ƙananan jijiyoyin jini suka haɗu suka yi saƙa, fatar da ta rufe su kuma siririya ce ƙwarai. Littattafan likitanci suna kiran wannan saƙa da sunan wani likitan Jamus na ƙarni na 19, Wilhelm Kiesselbach. Kusan tara cikin goma na haɓo daga nan yake fitowa, shi ne irin na yara da matasa, shi ne kuma wanda yatsa biyu suke iya tsayarwa. Iri na biyu daga can cikin hanci yake ɓarkewa, inda jijiyoyin suka fi kauri kuma hannu ba ya kaiwa. Wannan ya fi samun dattawa, yakan zubo ta ƙofa biyu ko ya gangara maƙogwaro ko da mutum a zaune yake, kuma ba a gida ake maganinsa ba. Shi ne ya sami Kawu.

Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan mutum shida cikin goma za su yi haɓo aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, kuma kaɗan ne daga cikinsu abin yake kai su asibiti. Ya fi yawa ga yara 'yan ƙasa da shekara goma da kuma waɗanda suka haura hamsin. A ƙasarmu babban mai jawo shi shi ne bushewar iska. Iskar hunturu da take taso mana daga hamada, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, kamar yadda take farfasa leɓe da dunduniya haka take busar da fatar cikin hanci ta tsattsage. Zafin bazara ma ba ya raga mata. A kan wannan sai a ƙara ƙwaƙular hanci, da fyace majina da ƙarfi lokacin mura, da shaƙar garin taba, da bugu. Mata masu juna biyu ma sukan yawaita yinsa. Su kuwa magungunan da suke hana jini saurin daskarewa, irin su asfirin da wafarin, da magungunan ciwon jiki dangin ibufurofen da dikilofenak, suna sa jinin ya daɗe bai tsaya ba idan ya fara. Hawan jini kuma, ko da ba shi ya fasa jijiyar ba, yana wahalar da tsayawarta. Kawu ya haɗa kusan duka: tsufa, hunturu, hawan jini, da magani biyu a kan juna.

Yadda ake yi

Abin da Sista ta koya mini a tsaye a barandar asibiti bai kai minti biyu ba, ga shi kamar yadda na riƙe shi. A zaunar da mutum a miƙe, kada a kwantar da shi. Ya ɗan sunkuyo gaba, yadda jinin zai fito waje inda ido zai gan shi a san yawansa. Da babban yatsa da manuni a matse sashen hanci mai laushi, wato ƙasa da inda ƙashi ya ƙare, a haɗe ƙofofin biyu da ƙarfi ko da ɗaya ce take zubarwa. Mutane da yawa karan hanci suke kamawa, can sama kusa da ido, alhali nan ƙashi ne, duk matsar da aka yi masa ba ta isa ga jijiyar. Ya riƙa numfashi ta baki, duk jinin da ya taru a bakinsa ya tofar a tasa, kada ya haɗiye, domin jini idan ya taru a ciki yana tayar da zuciya ya kawo amai, yana kuma iya shaƙe mutum.

Sai kuma abin da ya fi wuya, wato haƙuri. Ana riƙewa ne minti goma zuwa goma sha biyar cur, ba sakewa, kuma da agogo ake dubawa, domin mai tashin hankali minti biyu yakan zame masa kamar goma. Yawancinmu a nan muke faɗuwa. Bayan minti ɗaya sai mu saki mu leƙa ko ya tsaya, ɗan gudan jinin da ya fara toshe wurin ya ɓalle, a koma farko. Ka kunna agogon wayarka ka ajiye a gabanka. Idan yaro ne ka ɗora shi a cinya, ka riƙe masa da kanka, ka riƙa yi masa hira ko tatsuniya, domin kuka yana ƙara zubar jinin, kuma yaro fuskar babba yake karantawa kafin ya san ko abin tsoro ne. Idan akwai ƙanƙara ana iya naɗe ta a ƙyalle a ɗora a karan hanci, amma wannan ƙari ne, ba ya maye gurbin matsewa. Kada a cusa tsumma ko takarda ko ganye ko gari kowane iri. Suna kankare fatar, suna shigar da datti, kuma wajen cire su sukan taho da gudan jinin.

Idan ya tsaya, to da sauran kiyayewa har kwana ɗaya aƙalla: ba fyace hanci, ba ƙwaƙula, ba shayi ko kunu mai zafi, ba ɗaukar kaya mai nauyi ko motsa jiki mai tsanani. Atishawa idan ta zo a buɗe baki a yi ta. Wajen kwanciya a ɗaga kai da matashi. Wajen alwala kuma a sassauta shaƙa ruwa da fyacewa. Don rigakafi a lokacin hunturu, ɗan man basilin kaɗan a shafa a bakin ƙofar hanci daga ciki, safe da dare, yana rage bushewa. A yanke wa yara farce, a rufe hanci da ƙyalle ko takunkumi ranar da ƙura ta yi yawa.

Lokacin da abin ya fi ƙarfin gida

Wannan shi ne ɓangaren da na jahilta, shi ne kuma ya fi muhimmanci. Idan an matse yadda ya kamata minti goma sha biyar jini bai tsaya ba, a sake matsewa, amma a fara neman abin hawa a lokacin, kuma kada a bari a wuce rabin awa ana gida. Ga dattijo, ko mai shan maganin da yake hana jini daskarewa, ba a jiran zagaye na biyu, a kama hanya yana riƙe da hancinsa a mota. Haka nan a garzaya asibiti nan take idan jinin kwarara yake yi kamar an buɗe famfo, ko yana gangarawa maƙogwaro duk da an matse an sunkuya, ko mutum ya yi aman jini, ko ya fara jin jiri da kasala da bugun zuciya, ko launinsa ya koɗe, ko numfashi yana yi masa wuya. Jinin da yake jikin babban mutum gaba ɗaya wajen lita biyar ne, kuma tsoho ko mai ciwon zuciya ko mai amosanin jini ba ya jure asarar da matashi mai lafiya zai jure.

Haɓon da ya biyo bayan bugu a ka, kamar faɗuwa daga babur ko haɗarin mota, shi ma na asibiti ne ko da jinin kaɗan ne, balle a ga wani ruwa garai-garai yana biyo hanci ko kunne, domin yana iya zama alamar tsagewar ƙashin kai. Haɓo tare da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, musamman da rani, abin tsoro ne a wannan ƙasa tamu, saboda zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a 1969 a garin Lassa da yake jihar Borno a yau, yana iya zuwa da zubar jini idan ya yi tsanani, kuma ana ɗaukarsa ta jinin mai ciwon. Don haka mai taimako ya sa safar hannu ko ya ɗaura leda, ya wanke hannu da sabulu, a kuma gaya wa ma'aikatan asibiti maganar zazzaɓin tun daga ƙofa. Mutanen karkara kuma su sani, wanda maciji ya sara, musamman kububuwa, idan jini ya fara fita ta hancinsa ko dasashinsa, dafin ne ya hana jininsa daskarewa, maganinsa allurar kashe dafi ce a asibiti, irin wadda ake yi a asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe.

Akwai kuma wanda ba na gudu cikin dare ba ne, amma bai kamata a share shi ba. Yaron da bai kai shekara biyu ba idan ya yi haɓo a kai shi a duba. Wanda yake yi a kai a kai, ko yake yi tare da zubar jinin dasashi da ɓurɗewar fata ba tare da an buge shi ba, ko budurwar da jinin al'adarta yake yawa ƙwarai kuma tana yawan haɓo, ko wanda a danginsu akwai masu jinin da ba ya tsayawa bayan kaciya ko cire haƙori, duk waɗannan suna bukatar gwajin jini. Saurayin da yake yawan haɓo ta ƙofa ɗaya tare da toshewar wannan ƙofar ya ga likitan hanci. Ƙaramin yaron da ƙofar hancinsa ɗaya take fitar da majina mai wari da jini, a yi zargin ya cusa wani abu, ƙwayar wake ko dutsen ado, kada kuma a ce za a zaƙulo a gida. Idan ƙaramin batirin agogo ne ya cusa, wannan na gaggawa ne, domin yana ƙona naman hanci cikin 'yan sa'o'i. Wanda kuma likita ya ɗora a kan asfirin ko wafarin kada ya daina sha da ra'ayin kansa saboda haɓo, ya koma wa likitan da ya rubuta masa, ya kuma faɗa masa duk wani maganin da yake saye a kanti.

Abin da na tarar a littattafanmu

Bayan mun dawo gida na koma wa littattafan da muka karanta a zaure, sai na ga ashe malamanmu ba su taɓa ɗaukar haɓo abin wasa ba. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya ware masa babuka a cikin Muwaɗɗa, ya kawo yadda Abdullahi ɗan Umar da Abdullahi ɗan Abbas (RA) suke yi idan ya same su a cikin salla. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ma ya yi bayaninsa a Risala. A mazhabar Malikiyya haɓo ba ya karya alwala, saɓanin Hanafiyya da suke ganin jinin da ya kwarara yana karya ta. Idan ɗan tsattsafe ne mai salla yakan murje shi da yatsunsa ya ci gaba. Idan yana zuba ne, an ba shi dama ya fita daga sahu ya wanke, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya bisa sharuɗɗan da aka ambata, kamar rashin yin magana, an kuma ba shi dama ya yanke sallar ya sake daga baya. Har ma an ruwaito daga Sa'idu ɗan Musayyib cewa wanda jinin ya rinjaya ya yi sallarsa da nuni, Malik kuma ya zaɓi wannan ra'ayi. Kawu da kansa a zaune ya yi sallolinsa kwanakin da yake asibiti. Duk wanda yake son tafsilin waɗannan hukunce-hukunce ya zauna gaban malamin fiƙihu, abin da nake so mai karatu ya lura da shi kawai shi ne shari'a ba ta nemi kowa ya tsaya a sahu jini yana zuba don kunyar idon mutane ba.

Wani abin da ya girgiza ni shi ne labarin da Bukhari ya kawo a babin falalar Zubairu ɗan Awwam (RA), cewa Halifa Usmanu ɗan Affan (RA) ya taɓa yin haɓo mai tsanani wanda ya hana shi zuwa aikin Hajji, har ya yi wasiyya. Masana tarihi sun ce abin ya yawaita a cikin mutane a shekara ta 24 bayan Hijira, har aka riƙa kiran ta shekarar haɓo. Da na karanta wannan sai na tuna da kalmar Kawu ta "haɓo kawai", na ce ashe ciwon da ya sa Zunnuraini ya yi wasiyya shi muke rainawa.

Maganar azumi ma ta shigo ciki, tunda Ramadan na 2025 a watan Maris ya faɗo, kuma kowace shekara yana matsowa baya da wajen kwana goma sha ɗaya, wato shekaru masu zuwa cikin hunturu za a riƙa yinsa. Fitar jini ta hanci ba ta karya azumi. Abin da malamai suka yi magana a kansa shi ne haɗiye shi da gangan. Ka ga ke nan mai azumin da ya ɗaga kansa sama ya jefa kansa cikin shakka a kan ibadarsa, ya kuma cutar da cikinsa, wanda ya sunkuya ya tofar kuwa ya tsira daga duka biyun.

Na daɗe ina tuhumar kaina a kan wannan dare. Na yi addu'a a kan Kawu kafin in kwanta, na tofa masa, kuma ban yi nadamar wannan ba ko kaɗan. Abin da na yi nadama a kai shi ne na kira abin da na yi tawakkali, alhali jahilci ne da son in ga fuskarsa ba jini don hankalina ya kwanta. Annabinmu (SAW) ya yi umarni da neman magani, shi ma kuma ya nema. Sanin inda ake ɗora yatsa biyu, da sanin lokacin da za a buga wa maƙwabci ƙofa, suna cikin sababan da aka umarce mu da riƙo da su, waraka kuwa ta Allah ce Shi kaɗai.

Da na je neman gafararsa bayan ya warware, Kawu dariya ya yi ya ce, "Ai ni ma haka na yi maka kana yaro, ɗana. Allah Ya yafe mana baki ɗaya." A hunturun da ya biyo baya 'yata ta fari ta yi haɓo a gidansa ina kasuwa. Da na dawo Inna take ba ni labari cewa shi ya ɗora ta a cinyarsa, ya sunkuyar da ita, ya matse mata hanci, ya sa aka ajiye masa agogo a gaba, ya hana kowa magana a kan a leƙa har minti goma sha biyar suka cika.

Roƙona gare ka, ya ɗan'uwa, da ke 'yar'uwa, shi ne kada wannan ya tsaya a kan allon wayarku. Yau ɗin nan ku kama hancinku ku lalubo inda ƙashi ya ƙare, ku nuna wa iyayenku da ƙannenku, ku kai wa malaman allo da na islamiyyar unguwarku, domin a hannunsu yara suka fi yin haɓo. Idan akwai dattijo a gidanku, ku zauna da shi ku san kowane magani yake sha, wanda likita ya rubuta da wanda yake aikawa a sayo, ku rubuta a takarda ku ajiye inda za a iya ɗauka cikin dare.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa ma'aikatan jinya da alheri, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ƙara wa waɗanda suke raye lafiya da nisan kwana mai albarka. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da yake ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.